Magaribar da Ta Ƙi Yi a Paris

Tun da na dawo daga Paris ban sake cin tuwon Juma'a cikin kwanciyar hankali a unguwar Sulay ta nan Riyad ba. Da na sa hannu a kwano sai wani ya ce, to Bature, ba mu labari. Malam Lawwali mai walda ya fi kowa naci. Shi ne ma ya lura agogon da ke hannuna yana baya da awa ɗaya, ya baza cewa na ƙi gyara shi ne don kada a manta na je Turai. To ga labarin na rubuta muku, kowa ya karanta a lokacin hutunsa, a bar ni in ci abinci. Amma mai jiran labarin jin daɗi ya haƙura. Kwana tara na yi a can, kuma tun kafin mu tashi gabana yake faɗuwa.

Ga wanda bai san ni sosai ba, sunana Hamisu, mutumin Zariya ne, shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a gidan wasu Larabawa a unguwar Nasiriyya. Mutanen gidan Hamis suke ce mini. Maigidan, Abu Nasir, ya haura tamanin. Ƙafafu sun ƙi, sai keken guragu, hankalinsa kuma yana zuwa yana tafiya. Ni nake ɗaga shi, ni nake kai shi masallaci, kuma bai yarda wani ya kama keken nan ba in ba ni ba. Da 'ya'yansa suka shirya hutun zafi a Faransa, ƙarshen watan Yuni kafin azumi, sai tsoho ya kafe, ya ce in babu Hamis babu tafiya.

Babban ɗansa Nasir, wanda kafalata, wato lamunin zamana da aikina a ƙasar, take hannunsa yanzu, bai so ba. Ba mugun mutum ba ne, amma mai zargi ne, kuma yana da dalili. Shekarar da ta wuce maƙwabtansu sun tafi Turai da mai aikinsu, ta tsayar da keken tsohuwarsu a ƙofar wani kanti, ta ce za ta zaga, har yau ba ta dawo ba. Labarin nan ya zauna wa Nasir a rai. Ranar da muka karɓo biza daga ofishin jakadanci, bayan an ɗauki hoton yatsuna an yi mini tambayoyin da ban taɓa yi wa kaina ba, sai ya ce in tsaya kafin in kunna mota.

"Hamis, fasfonka yana jakata. In ka ɓace mini awa ɗaya a can, wallahi ba zan jira bayani ba. Hurub zan rubuta ka."

Ku kun san nauyin kalmar nan. Da an rubuta ma'aikaci ya gudu, iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ta mutu, ƙofar komawa aiki ta rufe, kuma yanzu ba sai kafili, ubangidan da ya tsaya maka, ya je ofis ba, daga inda yake zaune zai latsa a waya. Ina da yara huɗu a Zariya, duk a kan wannan sitiyarin suke cin abinci. Na ce masa, "Hadir, tal umrak," wato to, ranka ya daɗe, na ja mota. Amma abin ya yi mini ciwo, shekara goma sha ɗaya ko madubin mota ban taɓa fasa musu ba.

Jirgi bai ba ni wahala ba, sai dai kunne. Tsoho ya yi barci a kafaɗata har muka sauka da hantsi. Wahalar tana wurin masu duba fasfo. Ma'aikaciyar ta ga Nasir ya miƙa fasfo bakwai a dunƙule, sai ta zaro nawa daga ciki, ta ce mai shi ya zo shi kaɗai. Ta tambaye ni da Turanci ko da son raina na zo, ko ana kyautata mini. Na ce ƙwarai. Ta buga hatimi, ta sa mini fasfon a tafin hannuna, ta ɗan riƙe shi tana kallon idona. Ni kuwa ina jin idon Nasir a ƙeyata. Ina ƙetare layin na miƙa masa tun bai tambaya ba. Minti biyar ɗin nan ne kaɗai na riƙe fasfona a duk tafiyar. A mota ya tambaye ni sau biyu me matar ta ce.

Masaukinmu wani tsohon bene ne da suka kama haya, hawa na uku. Lif ɗin gidan bai fi kabad ɗin tufafi ba. Keke ba ya shiga sai an naɗe shi, saboda haka sai in rungume tsoho a tsaye, ƙirji da ƙirji, mu hau, Nasir ya biyo mu da keken ta matakala yana haki. Banɗaki babu buta, babu abin tsarki, sai takarda. Na nemi robar ruwa na yanke mata baki. Sannan na ɗauko caja zan sa wayata da ta mutu a jirgi, sai na ga ramin bango biyu ne zagayayyu, cajata kuwa mai ƙafa uku ce. Mahaɗi ɗaya aka zo da shi, 'yan matan gidan sun riga sun yi layi a kansa. Na ce ba komai, gobe. Ba ni da agogo a lokacin, don a Riyad me mutum zai yi da agogo? Ladan ya kira, kantuna su ja ƙofa, ka san inda rana take.

Abincin farko burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa har ya yanke mini dasashi, da wani cuku da na sunsuna na mayar da ladabi. Allah ya taimaka matan sun zo da shinkafa da tukunyarsu. Muka haɗa azahar da la'asar irin na matafiya. Ina shirin miƙe ƙafa sai tsoho ya ce a ɗauko masa mishlahinsa, alkyabbar fita, zai je Mare.

Mare wata tsohuwar unguwa ce, tafiyar kamar minti ashirin a ƙasa daga masaukin. Ashe tsoho ya zauna a can yana saurayi, lokacin da aka turo shi koyon aiki, kuma saboda ita ya yarda da tafiyar tun farko. Sauran duk kasuwa za su. Nasir ya yi ta lallashi a bari sai gobe, tsoho ya ƙi. A ƙarshe ya rubuta mini adireshin gidan a kati, ya nuna mini hanya ta taga, ya ɗaga yatsa.

"Ku dawo kafin magariba, ya Hamis. Kafin magariba."

Na duba sama. Rana tana tsaka, lokaci kamar ba zai ƙare ba.

Unguwar nan, 'yan'uwa, lunguna ne irin na cikin birnin Zariya, sai dai gidajen dutse ne masu hawa biyar, wasu har sun karkace don tsufa. An shimfiɗa wasu hanyoyin da ƙananan duwatsu, keke yana tafiya haƙoran tsoho suna kaɗawa. Ƙofofin zaure manya ne na katako, raƙumi da kayansa zai shige. Na tuna ku masu aikin gyaran tsohon garin Dir'iyya da kuke dariya wai an sa ku yaɓa laka a garin da ke da siminti. To su ma haka suke yi, tsufan ginin shi ne adonsa. Na tuna soron babanmu da muka rushe da hannunmu muka sa bulo, muna murna an ci gaba, sai na ji wani iri.

Mutanen kuwa sai kallo. Samari da wando yagagge a gwiwa, kuma a haka ake sayar da shi, na gani a bayan gilashi an rataye shi shi kaɗai an haska masa fitila. Akwai kantin gwanjo da mai gadi a ƙofa. Wata dattijuwa ta wuce mu da kare a jaka, kansa a waje. Kujerun masu shayi duk titi suke fuskanta, mutane na zaune a jere suna kallon masu wucewa, mu ma suka kalle mu son ransu, baƙin mutum yana tura Balarabe mai mishlahi. Duk wanda ya daɗe yana kallona sai in ji kamar zai tambaye ni takarda, ni kuwa ba ni da komai a aljihu sai katin adireshi. Da na hango 'yan sanda biyu a kan kekuna sai na karya kwana ba shiri.

A wani lungu muka tarar da dogon layi. Na ɗauka asibiti ne. Ashe ta'amiyya ake saye, ƙosan Larabawa da muke ci a tsaye a kasuwar Batha. Tsoho ya ce sai ya ci. Wani saurayi mai ɗan kunne ya ba mu wurinsa a gaba, har ya durƙusa ya gyara wa tsoho takalminsa da ya zame. Na ji kunyar abin da na fara rayawa a kansa.

Tsoho koriyar ƙofa yake nema, kusa da mai burodi. Ya ce a zamaninsa unguwar matalauta ce, bango baƙi ƙirin da hayaƙi, famfo ɗaya a tsakar gida, teloli da masu gyaran takalmi. Muka shiga wannan lungu, muka fita wancan. Koriyar ƙofa ta kai goma. A ƙarshe ya sa na tsaya gaban wani kantin turare mai ƙamshi har titi, ya daɗe yana kallon tagar sama. Ya ce a can ya kwanta ciwo wata biyu, matar mai burodin tana hawo masa da romo kullum, bai kuma taɓa yi mata godiya yadda ya kamata ba, don bai iya yaren ba tukuna. Ya share ido da gefen mishlahi. Na duba rana, tana nan daram.

Muka ɓulla wani fili murabba'i, gidajen jan bulo sun kewaye shi, ga ciyawa, ga bishiyoyi an yi musu aski iri ɗaya. Na kafa keken a inuwa, tsoho ya yi barci. Ni kuma na zauna gadin rana. A nan ne wautar take, kuma zan faɗa muku ita yadda take. Na ji ƙararrawar coci tana bugawa, ban ƙirga ba. Da muka tashi muka ci gaba da zagaye, na ga masu kantunan tufafi suna jan ƙofa, sai na ce ashe su ma suna rufewa don ibadarsu, za su buɗe in an idar. Na ma ga wani babban agogo a jikin wani gini yana nuna takwas da wani abu. Na dube shi, na dubi rana tana haska bango kamar ƙarshen la'asar, na ce tsohon gini, tsohon agogo, ya mutu.

Ina neman hanyar fita ke nan sai na ji Hausa. Na ɗauka kunnena ne. A bayan wani gidan abinci, wani mutum da farin gyauton aiki yana zaune a kan akwatin lemo yana waya, yana cewa a gaida Inna. Na yi masa sallama, ya kusa yar da wayar. Sunansa Malam Issufu, mutumin Damagaram, shekararsa shida yana wanke kwanuka a nan. Muka gaisa kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ya leƙa ciki ya kawo mini shayi a kofin takarda. Da ya ji yadda na zo, sai ya dubi tsoho da ke gyangyaɗi, ya rage murya.

"Malam Hamisu, ka san mutum nawa suka mutu a hamada da teku don su taka inda kake tsaye? Kai jirgi ya sauke ka. Ga ɗakina. Ka kai tsohon nan ƙofar gidansu, ka danna ƙararrawa, ka juyo."

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Na tuna yatsan Nasir. Na tuna yadda na miƙa fasfona da kaina kamar mai laifi. Sannan na tambaye shi yaushe rabonsa da Inna da yake aika wa gaisuwa. Ya ce tun da ya fito, takardunsa ba su kammala ba. Na shanye shayin, na ce masa na gode, amma tsohon nan ba ya cin abinci sai na zauna kusa da shi, kuma an ce mu koma kafin magariba.

Ya ce wace magaribar? Na nuna masa sama. Sai ya yi wata 'yar dariya, ya juyo mini da montur ɗinsa, agogo ke nan a bakinsu.

"Tara saura minti goma. A watan nan rana ba ta faɗuwa a garin nan sai wajen goma. In maigidanka magaribar Riyad yake nufi, ai ta wuce tuntuni."

Sai a lokacin na gane. Magaribar Nasir bakwai saura ce, wadda ya saba da ita tun yana yaro, wadda ake cewa a dawo da yara daga makarantar yamma. Awa ɗaya ya ba ni, ni kuwa na cinye biyu. Malam Issufu ya miƙo wayarsa in kira, amma lambar tana cikin matacciyar wayata a masauki. Ya duba katin, ya raka ni bakin lungu, ya ce in miƙe in bar coci a hagu, kada in bi ko wace kwana sai na ga babban titi.

Ban taɓa tura keke haka ba. Duwatsun hanya suna jijjiga shi, ina cewa afuwan da Larabci ga Turawan da nake kusan bugewa. Jijjigar ta tayar da tsoho, kuma ya tashi ba a hayyacinsa ba. Ya fara kirana Salih, sunan ƙanensa da ya rasu tun kafin in zo gidan. Yana tambaya ina muke, wa ya kawo shi nan, a mayar da shi wurin mahaifiyarsa. Wannan ya fi komai tsorata ni. Mutum ɗaya ne a duniya ya san inda na yini da abin da na yi, ga shi bai san ko ni wane ne ba. Na yi ta salati ina gudu, zufa tana shiga mini ido.

Daga nesa na hango Nasir a ƙofar bene, ba ghutra, ƙyallen da suke yafawa, a kansa, rigarsa ta jiƙe. Ashe ya zagaya unguwar sau biyu yana leƙa ƙofofin kantuna, yana neman keken da aka yasar. Ƙannensa mata suna taga suna kuka. Ya zo ya shafa fuskar babansa, ya duba hannayensa, sannan ya miƙe ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa na gani a can, da wa na yi magana. Na ce wani ɗan'uwana Bahaushe. Ina faɗa na san na ƙara wa kaina. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya sani, ya ɗago wayarsa, na ga shafin a buɗe da sunana da lambar iƙamata. Na fara bayanin rana, da caja, da agogon da na ce ya mutu. Kalmomin Larabcin duk suka watse mini, ina jin kaina ina haɗawa da Hausa. Ya ce in yi shiru.

Tsoho kuwa yana kan kekensa. Kansa yana ɗage, yana kallon saman gidan da ke fuskantarmu, inda rana ta yi ja a jikin bututun hayaƙi. Sai na ji muryarsa, irin ta da, wadda yake ba da umarni da ita lokacin da na fara aiki.

"Nasir. An kira salla?"

Nasir ya ce wa babansa, "Yuba, nan ba a kiran salla."

"To me ka ce wa mutumin nan? Ina wurin. Kafin magariba ka ce. Ga rana can. Sa wayarka a aljihu ka kama keken, Hamis ya gaji."

Nasir ya ɗaga kai ya dubi ranar. Ya daɗe a haka. Sannan ya kashe wayar ya zura a aljihu, ya zagayo ya kama keken, karo na farko da na ga tsoho ya bar wani ya tura shi. A cikin lif, ina rungume da shi ƙirji da ƙirji, sai ya dube ni da fara'a ya ce, "Salih, yaushe ka zo?"

Sauran kwanakin babu abin faɗa sosai. Mun ga doguwar hasumiyar ƙarfen nan da kuke tambaya, daga cikin mota. Ban sake nisa da Nasir da taku ashirin ba, ban kuma sake ganin Malam Issufu ba. Amma washegarin ranar, da na idar da sallar asuba na koma na ɗan kwanta, na farka na tarar da agogon nan a kan matashina, sabo a kwalinsa, an saita shi. Nasir bai ce shi ya ajiye ba, ni ma ban tambaya ba. Har yau ban sani ba ko ban-haƙuri ne ko gargaɗi. Fasfona dai yana durowarsa inda yake a da.

To Malam Lawwali, ba alfahari ya hana ni gyara shi ba. Tun da muka dawo hankalin tsoho bai sake dawowa ba, yanzu ko Nasir ba ya ganewa, Salih yake ce mini dare da rana, ni kuma ina amsawa. Kullum in ladanin Nasiriyya ya kira magariba ina tura shi zuwa masallaci, sai in duba hannuna in ga agogon yana cewa da sauran lokaci. Minti ɗaya hankalinsa ya dawo ranar nan, kuma a kaina ya ƙarar da shi. Da yau abin ya faru, babu mai tambaya ko an kira salla.